Lissafin Kuran a Garkar Goudel

Ranar Asabar bayan la'asar, muna zaune ni da Ismaël kan tabarma a garkar mahaifiyarsa a unguwar Goudel ta Yamai, littafin fizik buɗe a cinyata, muna gardama.

Na dage cewa rezistans, wato abin da ke rage gudun wutar lantarki a waya, mai om shida da mai om uku in an haɗa su tara ne. Ya ce in sake duba zanen, ba a jere suke ba, wayar rabuwa ta yi biyu. Ya nuna mini magudanar da ke shayar da salati: inda ta rabu, ruwa ya fi samun hanya, haka ma kuran, wato wutar da ke bin waya. Na sake bugawa na samu om biyu. Na ƙara wata ta uku mai om huɗu da ke jere da su, na raba volt sha biyu da shida, amsa ta fito.

"Kin gani, Nafissa tawa? Gaggawa ce kawai ke cin ki."

Shekarata ta farko ke nan a jami'a, kuma fannin lantarki ya kusa kayar da ni. Ismaël malamin fizik ne a wata makaranta. A Petit Marché muka haɗu, a rumfar kayan yajin Innata, ya tarar ina kuka a kan wannan littafin. Wata biyar ke nan. Inna ta san da shi, ta amince ya turo manyansa in na gama jarrabawa. Yayana Abdou ne kaɗai ta ce kada a gaya wa tukuna, saboda zafin zuciyarsa.

Tambaya ta gaba a kan maganaɗisu ce: waya ɗauke da kuran, ina ƙarfinsa yake kewayawa? Na kasa. Ya miƙo mini fensir, ya ce in riƙe da dama, babban yatsa ya bi kuran. Ya sa hannunsa yana lanƙwasa mini sauran yatsun.

A haka Abdou ya same mu.

Ban ji tsayawar taksinsa ba. Inuwarsa na gani, da ƙarfen kwance taya a hannunsa. Ismaël ya miƙe, fuskarsa ta canza, ya kira sunan yayana kamar wanda ya daɗe da saninsa.

"Kai ne?" in ji Abdou. "Duk mazan Yamai, kai ne?"

Bugun farko a kafaɗa ya sami Ismaël. Ya faɗi cikin salatin. Na biyu ya nufi kansa, ya tare da hannun dama, na ji ƙarar ƙashi kamar an karya busasshen kara. Na yi ihu na riƙe rigar Abdou, ya hankaɗe ni na bugi injin ban ruwa, leɓena ya fashe.

"Ni ka hana ni amsa ɗaya, ka sa aka kore ni... yanzu ka zauna kana koya wa ƙanwata kana riƙe mata hannu!"

Ya taka hannun da ya karye, ya sake ɗaga ƙarfen. Na rarrafa na kwanta a kan Ismaël. Ƙarfen ya sauka a bayana, numfashina ya ɗauke. Ko da na farfaɗo, masu garka huɗu sun danne Abdou a cikin laka suna masa faɗa da Zabarmanci, jinin Ismaël kuma ya jiƙa littafina har bangon baya.

A asibiti Ismaël ya ba ni labarin. Ajinsu ɗaya da Abdou shekara shida da suka wuce. Ranar jarrabawar wannan fannin, Abdou ya jefo masa takarda yana neman amsa. Mai tsaro ya tsince ta, ya tambayi Ismaël daga ina ta fito, ya faɗi gaskiya. Aka kori Abdou. A shekarar Babanmu ya rasu. Mu a gida ce mana ya yi karatun ne ya ishe shi. Ismaël bai san ni ƙanwar Abdou ce ba sai da ya gan shi tsaye a kanmu.

Kwana biyu Abdou na hannun 'yan sanda, aka ce in zo in ba da shaida. Da safe Inna ta shigo ɗakina a gidanmu na unguwar Dar es Salam, ta zauna bakin katifa tana shafa mini magani a baya. Sai ta ce abu ɗaya take roƙo: in ce Ismaël ya kama ni da ƙarfi, na yi ihu, yayana ya zo ceto. Ta ce an gaya mata hakan zai sassauta masa. Ta tuna mini wanda ya ci da mu tun rasuwar Baba, wanda ya saya mini littafin nan da kansa.

"Inna, a ɓata masa suna bayan an karya masa hannu? Malami ne fa, yara mata yake koyarwa..."

"Ɗana ne, Nafissa. Ɗaya gare ni."

Na yi kuka har muryata ta dishe. A gaban ɗan sandan na faɗi abin da ya faru, ban rage ba, ban ƙara ba. Abdou na zaune a benci, bai ɗago ya dube ni ba. Ismaël ya aika cewa ya yafe, amma aka ce raunin ya wuce a bar maganar. Wata huɗu aka yanke wa yayana.

Da muka fito Inna ta mare ni a bakin titi, mutane na kallo. Daga ranar gaisuwa kawai take amsa mini. Na zauna jarrabawa da ciwon baya, na ci. Babu wanda na gaya wa a gida.

Ranar da Abdou ya dawo ina wanki a tsakar gida. Ya rame, an aske masa kai. Na janye jikin bango ban san na yi ba, kuma ya lura. Ya tsaya daga nesa ya tambaye ni jikin mutumin. Na ce an yi wa hannun aiki sau biyu, da hagu yake rubutu a allo yanzu.

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce in gaya wa Ismaël ya turo manyansa wurin Kawu Yakuba, ƙanen Babanmu. Shi zai faɗa wa Inna da bakinsa cewa ba ni da laifi.

"Amma kada ki neme ni ranar. Ba zan iya haɗa ido da shi ba... ke ma ban iya ba."

Bayan sallar layya aka ɗaura auren. Inna ce ta yi mini lalle da hannunta, tana yi hawayenta na ɗiga a ƙafata. Da aka zo fita da ni na ce a tsaya, na tura ƙofar ɗakin Abdou. Ba kaya, ba takalma, katifar a jingine da bango. Inna ta ce tun da asuba ya hau motar Maradi.

Mata na guɗa a waje, Ismaël na jira a Goudel. Na zauna a ƙasan ɗakin da kayan amarcina, na kira lambar Abdou sau uku. A na huɗu ya ɗauka. Kukansa kawai nake ji tare da ƙarar mota.