Surukin Mai Gini

Shafa'atu na kwashe tuwo ƙaninta ya yi sallama, ya ce Baba ya ce ta haɗa kayanta ta taho gida yanzu.

Ta san dalili. Mijinta Mukhtar shi ke duba wa hukuma gine-gine a Illela, mahaifinta Alhaji Lauwali kuwa yana gina makarantar Islamiyya mai bene a Amarawa. Da aikin dubawar ya faɗo wa Mukhtar, sai ya gaya wa ogansa cewa mai ginin surukinsa ne, a tura wani. Wanda aka tura ya ce rodin ginshiƙan ya yi siriri, ya tsayar da aikin.

Mukhtar ya rako ta har bakin ƙofa.

"Da kai ka je, da ka sa hannu?" ta tambaye shi.

"Abin da na ji tsoro ke nan, Shafa. Ina jin kunyar Baba, ina kuma son ki. Da na je, ban san abin da idona zai yarda ya gani ba."

A gida Alhaji bai ko amsa gaisuwarta ba.

"Mi na yi mishi? Na ba shi ɗiyata, ya turo min baƙo ya tozarta ni!"

Aka karɓe wayarta, aka mai da ta tsohon ɗakinta inda yanzu ake ajiye buhunan albasa. Yayyenta suka daina hira in ta shigo. Ranar kasuwa takan tsaya bayan ƙyaure tana sauraron babura masu tafiya Konni, ko za ta ji ƙarar babur ɗin Mukhtar. Ta yi kuka har ta gaji, amma ba ta taɓa zagin mijinta don a ji daɗi ba, ba ta kuma ɗaga wa mahaifinta murya ba. Duk Juma'a Mukhtar na zuwa gaisuwa, ya zauna a zaure shi kaɗai har la'asar, ya tashi.

Bayan damina Alhaji ya gaji da jira, ya sa a fasa ginshiƙi ɗaya don ya ƙaryata masu duba ginin a gaban jama'a. Guduma na sauka kankaren ya zube kamar garin kwaki. Rodin da ke ciki ba shi ne wanda ya sayo ba, magininsa ya musanya. Alhaji ya tsaya yana kallon yaran da ke karatu a rumfar gefe, waɗanda za a zuba a ƙarƙashin benen.

Da yamma ya leƙa ɗakin Shafa'atu, ya ce ta ɗauko mayafinta. Shi da kansa ya kai ta gidan mijinta, ya kama hannun Mukhtar ya daɗe bai saki ba.

Shafa'atu ta shiga ɗakinta tana share hawaye. Haƙurinta ya biya ta, ta kuma gane cewa wanda aka ba amanar rayukan mutane, in aikin ya zo kan danginsa, janye hannu shi ne ƙaunar da zai nuna musu.