Iya a Layin Masu Karɓa

"Sake miƙo hannu, Mama! Ki yi murmushi mana!"

Ni ce na faɗi haka a harabar cocinmu, ranar da muke rabon abinci. Sau uku ina sa tsohuwar ta dawo da ledar ta sake karɓa, wai hoton bai fito ba.

A na ukun ta ɗago kai.

"Auta... ke ce?"

Iya ce! Matar da ta yi renona shekara tara, kafin ciwon ƙafa ya sa Baba ya sallame ta.

Ƙawayena sun zuba min ido. 'Yar kawuna ta taɓe baki tana jiran amsata.

"Ban gane ki ba, Mama. Matsa, akwai mutane a baya."

Ta juya tana jan ƙafa.

Sai a lokacin na hango Kafinta, mai gyaran bencinan coci, wanda shekara biyu ke nan Baba yana hana ni aurensa don ba ɗan kowa ba ne. Ya ajiye gudumarsa, ya karɓi ledar Iya, ya riƙe hannunta suka fita. Ko kallona bai yi ba.

Kwana huɗu bai kira ni ba. Ko abinci na daina ci.

"Ya ce min ya fasa aurenki," in ji 'yar kawuna, wadda na daɗe da sanin tana sonsa. "Ki haƙura kawai."

"Madalla!" Baba ya ce. "Dama me za ki ci a gidansa, garin katako?"

"Baba... tun da Iya ta bar gidan nan, wa ya taɓa zuwa duba ta?"

Ya kau da kai. Shi da yake dattijon ikilisiya.

Washegari na tafi shagon Kafinta. Na same shi yana goge ƙafar kujera.

"Da gaske ka fasa?"

"Wa ya ce? Ban yi magana da kowa ba, masoyiyata. Tsoro nake in buɗe baki in faɗa miki abin da ba zai goge ba."

"Faɗa min yanzu."

"Duk Asabar nake kai mata magani. Ba ta da hira sai taki. Yadda kike tsoron tsawa, yadda ba kya barci sai a bayanta..." Ya ajiye ƙafar kujerar. "Ubangijin da muke bi durƙusawa ya yi ya wanke ƙafafun almajiransa. Ke ko sunanta kin kasa kira."

Na fashe da kuka.

"Kai ni wurinta, don Allah!"

Ɗaki ɗaya ne, katifa a ƙasa, kwano biyu. Ƙafarta ta kumbura har tana sheƙi. Na zube a gabanta.

"Iya, na gane ki! Wallahi na gane ki, kunyar ƙawayena ce..."

"Na sani." Ta shafa kaina. "Tashi, za ki ɓata kayanki. Kin rame, ba kya cin abinci ne?"

Wannan tambayar ta fi mari zafi.

Da kaina na kawo Baba ɗakin Iya. Ya daɗe a bakin ƙofa kafin ya cire takalmi ya shiga. Da ya fito idonsa ja, ya dubi Kafinta.

"Ka riƙe amanar da na yar, ɗana. Turo iyayenka."

Bayan aurenmu muka ɗauko Iya. Mijina ya yi mata gado da hannunsa. Wata bakwai kacal ta kwana a kansa, Ubangiji ya kira ta.

Ranar jana'iza mutane suna ta yaba min, wai na iya riƙon tsoho.

Mijina ya matse hannuna.

"Ta yafe miki tuntuni, zuciyata."

"Na sani," na ce. "Ni ce har yanzu ban iya yafe wa kaina ba."