Ɓerayen Auta Sun Ƙi Barci

"Maimaita abin da ka ce!"

Auta ce ta faɗa, idonta ƙyam a kan Dogo, abokin aikinta. A ɗakin taron har Farfesa, shugaban sashen bincikensu, ya zare tabarau ya ajiye.

Dogo bai ɗago ba. "Na yi wa ɓerayen allurar yadda kika tsara. Ba su yi barci ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, Auta..."

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ƙuruciyarta kaf ta ƙare a kan feftayid, wani mitsitsin sinadari da ƙwaƙwalwa ke fitarwa. Ita ta gano cewa in aka yi wa firgitaccen ɓera allurarsa, jikinsa yakan saki, ya koma barcinsa na rana kamar yadda ɓera ya saba. Ita kaɗai ke shiga ɗakin ɓerayen, kuma a hannunta abin bai taɓa ƙi ba.

Sai Uwar Firiza, mai riƙe da makullan ma'ajiyar samfura, ta fara bin kunnuwa wai sakamakon ya cika kyau. Kowa ya san ba sakamakon ne ya tsone mata ido ba, Dogo ne, tun ranar da ya ce Auta zai aura. Ita ce ma ta kawo shawarar a ba shi ya maimaita gwajin, wai shi ne ba za a ce ya yi wa yarinyar sharri ba. Makira ke nan! In ya rufa asiri a kore su tare, in ya faɗi abin da ya gani ya rasa Auta.

"Kwamiti zai zauna," in ji Farfesa. "In ba a sami bayani ba, za a rubuta cewa ƙirƙira kika yi. Kin san ma'anar wannan."

Ta sani. Ba wani ɗakin bincike da zai sake buɗe mata ƙofa.

A baranda Dogo ya cim mata, tana kiciniyar cire farar rigar aiki.

"Zuciyata, tsaya..."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan!"

"Ƙarya kike so in yi?"

"So nake ka yarda da ni!"

"Wallahi na yarda da ke. Amma abin da idona ya gani..."

"To ka auri idon naka!"

Uwar Firiza ta zo wucewa tana kaɗa makullai, da ɗan murmushinta. "Ayya, ƙanwata, a yi haƙuri. Ramin ƙarya ƙurarre ne."

Auta ta kau da kai ta fice.

A gida kuwa Yaya, babban wanta, kamar jira yake. Dama can jininsu bai haɗu da Dogo ba, wai mutumin da ke auna sukarin shayi da ma'auni ba zai iya riƙe mace ba.

"Ba na faɗa ba? A gaban jama'a ya kwance miki zani! Wannan ne miji?"

"Kai dai bar ta ta ji da abu ɗaya," in ji Mama. Ta janyo Auta jikinta. "Amma ki ji ni, 'yar nan. Wanda bai tsaya miki a waje ba, ba zai tsaya miki a ɗaki ba. Na ce wa manyansa su dakata."

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. Haushin Dogo take ji har wuya, kuma abin takaicin, son nasa ko gezau bai yi ba. Ya kira ta ƙi ɗauka. Ya zo ƙofar gida Yaya ya sallame shi tun daga bakin get. Mai binciken barci sai ga ta da jajayen idanu, abinci ma sai Mama ta tsare ta.

Ranar zaman kwamiti, da hantsi, Farfesa ya tare ta a bakin sashen dabbobi.

"An roƙi a ba ki dama ta ƙarshe. Ga ɗakuna biyu, ɓeraye iri ɗaya, allura iri ɗaya. Ke za ki yi da hannunki, mu muna kallo ta gilashi."

"Wa ya roƙa?"

"Shiga dai."

Ta sa safar hannu. A ɗakin farko ta bi keji keji tana ɗaga su ta gindin wutsiya, tana yi musu 'yar maganar da ta saba. Ba a jima ba suka dunƙule a cikin dusar katako, layukan kwamfutar da ke auna barcinsu suka kwanta luf.

Ta saki ajiyar zuciya, ta shiga na biyu.

Tun daga ƙofa ta ga bambanci. Ɓerayen sun maƙale a kusurwa, gashinsu a tsaye. Ta yi allurar, ta jira. Shiru. Sai zagaye suke yi suna haƙa, layukan kwamfuta na tsalle.

"Ku kwanta mana... don Allah ku kwanta..."

Ina! Ko a jikinsu.

Ta fito. Uwar Firiza har ta gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, ai magana ta ƙare. Na farkon sa'a ce kawai."

"Ba ta ƙare ba."

Dogo ne. Ya rame, gemu ya yi buzu-buzu. Ya wuce su ya shiga ɗaki na biyu, ya miƙa dogon hannun nan bayan kantar kejin, ya zaro wani abu. Singileti ce, ta sha jiki har ta canza launi.

"Tawa ce," ya ce. "Da ita na yini jiya, na kwana da ita. Da safe Farfesa da kansa ya rataye ta, ba wanda ya san ɗakin da take sai shi."

Auta ta yi sororo. "Ban gane ba..."

"Warin jikin namiji suke tsoro. In suka shaƙe shi firgicinsu yakan ninka, har ya fi ƙarfin allurar da kika auna. Ke kaɗai kike shiga wurinsu, shi ya sa ba ki taɓa gani ba." Ya dube ta. "Aikinki ba shi da aibi, Auta. Ni ne matsalar."

Farfesa ya mayar da tabarau. "Dogo ne ya roƙa, ya ce in gwajin nan bai nuna komai ba, in haɗa da shi a korar. Za mu maimaita da wasu hannayen kafin mu rubuta, amma zargi ya faɗi." Ya juya ga Uwar Firiza. "Ke kuma na tuna sau biyu ina ce miki ki gwada da kanki kina zillewa. Da kin gwada, da tuni gaskiya ta fito. Ki same ni a ofis."

Makullan nan ko ƙara ba su yi ba da ta wuce.

Baranda ta rage daga Auta sai Dogo. Ta rasa inda za ta sa idonta don kunya da daɗi.

"Na ce ka auri idonka..."

"Na tambaye shi, ya ce ke yake so."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka. "Da ka yi mini ƙarya ranar nan, da yanzu..."

"Da kin zauna da maƙaryaci, kina zargin aikinki har abada. Gara ki yi fushi da ni, zuciyata."

Wannan karon ba ta hana shi sunan ba. Ta ciro waya ta kira gida, Yaya ne ya ɗauka.

"Yaya, ka ce wa Mama manyansa su zo."

"Wane? Mai ma'aunin sukari? Me ya yi kuma?"

"Ya tsaya mini a waje."

Ta kashe wayar, ta dubi abin da ke hannun Dogo, ta toshe hanci.

"Amma ka ji sharaɗina. Wannan singiletin ba za ta shiga gidana ba."

"Ɓerayen ma sun faɗa."

"Bar ganin laifinsu," ta ce tana share ido. "Ni ma tun da ka shigo rayuwata ban ƙara barcin kirki ba."