Maɓallin da Haisam Ya Kulle

Bari in fara da laifina. Muryata ce ake ji a duk bidiyon da kamfaninmu na birnin Irbid ke ɗora wa ma'aikatan lafiya a intanet, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma ban taɓa kallon ko ɗaya har ƙarshe ba. Barci yake sa ni.

Haisam ne ke tsara darussan. Shi ke yanke abin da za a fara koya da inda tambaya za ta faɗo. Saurayi ne mai natsuwa, mai son komai a kan layi. Da ya gano nas-nas na tsallake bidiyo su tafi jarrabawa kai tsaye, sai ya kulle maɓallin wucewa gaba, ba ya buɗewa sai bidiyo ya ƙare. Darasin hana yaɗuwar cuta minti arba'in ne cif, kuma duk mai son sabunta lasisinsa dole ya bi ta kansa.

Wata Lahadi da safe asibiti ya turo wata nas, Lujain, ta duba mana ko bayanan darasin daidai ne. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Wane ne ya kulle maɓallin nan?"

"Ni ne," in ji Haisam, har da gyara kwalar riga.

"Allah ya shirye ka. Ka taɓa shiga ɗakin majinyata kuwa?"

"An taɓa ɗinke min goshi."

"A'a, ashe da gwani nake magana."

Ta yi dariya, ya tsaya yana kallonta har shayinsa ya huce. Daga ranar duba bayanai ya ƙi ƙarewa, saƙonnin waya suka fara tsakaninsu.

"Malam Makulli, ina minti na goma sha bakwai. Mutumin nan mai muryar barci har yanzu yana bayanin sabulu."

Ni ke nan, amma na yafe mata.

"Ki daure, hasken idona. Saura ashirin da uku. Ki ɗauka ina zaune kusa da ke."

"Da kana kusa, ai da ka buɗe shi ko ba ka so."

Da zaitun ya nuna, maganar ta isa gida. Mahaifinta, Abu Suhaib, shugaban nas-nas ne a sashen tiyata, shekara talatin da biyu yana aiki. Ya ji sunan yaro da danginsa yana gyaɗa kai, har ta ambaci kamfanin.

"Shi ne mai maɓallin?"

"Baba, don Allah..."

"Ni da na koya wa rabin likitocin garin nan wanke hannu, ya zaunar da ni kamar ɗan firamare! Intanet ya yanke a minti na talatin da tara, ya mayar da ni farko. Mutumin da bai yarda da kowa ba, ke zai yarda da ke? Ga Dakta Mu'utaz ɗan gwaggonki, tun bara yake jira."

Ta rubuta wa Haisam: "Baba ya ce a'a. Kuma ina ganin yana da gaskiya ta wani wajen."

Haisam ya karanta ya fi sau goma. Ya ɗauka an gama, likita ya ci. Kwana uku yana zaune gaban kwamfuta bai tsara ko tambaya ɗaya ba. A rana ta huɗu ya nemi izini a wani asibiti, ya yi sati guda yana zama a lungu yana kallon nas-nas. Ya ga a tsaye suke yin darasinsa, a waya, tsakanin wannan majinyaci da wancan. Ya ga wata dattijuwa ta kunna bidiyon ta jefa wayar a aljihu, ina ta surutu daga cikin rigarta tana canza wa wani bandeji.

Ya dawo ya rushe komai. Ya sa tambaya biyar a farko, wanda ya ci ya wuce abinsa. Wanda ya faɗi, a nuna masa abin da ya kuskure kawai, a minti uku. Makullin kuwa ya cire shi.

"Lulu, na buɗe. Ban sani ba ko na makara."

"Na gama a minti shida, a tsaye. Wa ya ce maka ka makara, rabin raina? Jira nake in ga ko kana jin magana. Mama ta ce ku turo manya ranar Juma'a."

Mu ashirin muka je, har da ni, don Haisam ya ce muryata ta saba da roƙo. Aka zuba wa baffansa gahawa, ya ajiye kofin a gabansa. Ya ce ba zai sha ba sai an biya masa buƙatar da ta kawo shi. Yawanci mai gida kan amsa kafin tururin ya kwanta.

Abu Suhaib ya duba agogonsa, ya gyara zama, ya fara ba mu tarihin wanke hannu. Ya yi bayanin tafi, ya yi na bayan hannu, ya shiga tsakanin yatsu. Gahawa ta huce. Baffan Haisam ya buɗe baki, Abu Suhaib ya ɗaga masa hannu.

"Haƙuri, Alhaji. Ba a tsallakewa."

Gumi ya jiƙa rigar Haisam. A minti na talatin da tara ni kaina na shiga addu'ar kada wani ya yi tari ya koma farko. Da arba'in ta cika, Abu Suhaib ya dubi Haisam.

"Ka ji yadda take?"

"Na ji, Baffa. Na tuba."

"To ku sha gahawarku. Na ba shi."

Aka karanta Fatiha, guɗa ta tashi daga cikin gida. Da bazara aka yi biki, aka ci mansaf, wato shinkafa da naman rago, har Dakta Mu'utaz ya nemi ƙari. Abu Suhaib ya riƙe hannun su biyun ya ce Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a mai jin magana, muka ce amin.

Tun daga lokacin duk sabon ma'aikacin da ya zo, Haisam kan zaunar da shi ya gaya masa cewa kyakkyawan tsarin darasi ne ya sauya zuciyar surukinsa. Lujain in ta ji sai ta yi murmushi ta ƙara masa shayi.

Abu Suhaib ya yi ritaya sati biyu kafin a ɗora sabon darasin. Har yau bai buɗe shi ba.