Gwiwar Hagu

"Kar ka taɓa ni!"

Auta ta fizge hannunta da ƙarfi har jakarta ta zame daga kafaɗa. Mutanen da ke zaune a dogon bencin asibitin suka ɗago kai. Wasu sun gane mutumin da ke tare da ita nan take, don babu mai kallon ƙwallo da bai san Katanga ba, mai tsaron bayan da ya shekara goma sha biyu a fili ba a taɓa ɗaga masa jan kati ba.

"Sanyin idona, rage murya mana, don Allah..."

"Yau ni ba sanyin idon kowa ba ce. Mu je mota."

Ya bi bayanta da ledar lemo a hannu, yana ɗan ɗingisawa kamar kullum. Saura wata biyu ɗaurin aurensu. A ɗaki na huɗu kuma yayanta ne kwance, likita ya farke masa gwiwar hagu ya ɗinke, ya kuma gaya musu ba tare da kwana-kwana ba cewa zai yi tafiya, amma shi da ƙwallo har abada.

Yaya ɗan wasan gaba ne, Lamba Tara ake ce masa. Sau uku ƙungiyarsa ke haɗuwa da ta Katanga a shekara, su gwabza a fili, su dawo falon Mama su ci abinci a kwano ɗaya suna tsokanar juna. A nan Auta ta fara ganin Katanga, ƙato mai kunya, wanda ba ya iya haɗa ido da ita sai dai ya yi ta juya cokali.

Wata uku da suka wuce gwiwar Yaya ta fara ciwo. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa likitan ƙungiya ba, ko Mama ba ta sani ba. Wakilan wata babbar ƙungiya za su zo kallonsa a wasan ƙarshe, in suka ji ƙishin-ƙishin ciwo shi ke nan. Auta kaɗai ya amince wa. Kullum da safe takan rufe ƙofar ɗakinsa, ta ɗora masa ƙanƙara, ta naɗe gwiwar da bandeji tamau yadda dogon wando zai ɓoye.

"Daga ni sai ke, Auta. Ki rantse."

Ta rantse.

Ana gobe wasan, tsoro ya hana ta sukuni. Ta san wanda zai tsare shi. Ta kira Katanga a waya, ta ce: "Rabin raina, ka bi min Yaya a hankali... gwiwarsa ta hagu ba lafiya."

Ya ce, "Na ji."

Yanzu suna cikin motar, gilashi a rufe, zafi kamar tanda. Auta ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan littafi mai baƙin bango da ya sha jiki. Fuskar Katanga ta sauya.

Ta san littafin tun farkon soyayyarsu. Shi da kansa ya nuna mata, yana alfahari. A ciki yake rubuta sirrin duk ɗan gaban da zai tsara: wanda ke kallon ƙasa kafin ya buga, wanda ke tsoron kai, wanda ke gajiya bayan minti saba'in. "Ni ba ni da gudu," ya taɓa ce mata, "wannan ne guduna." Ranar ta yi dariya, ta ji ta ƙara sonsa.

"Jiya da ka mayar da ni gida ya faɗo daga jakar takalmanka," ta ce. Ta buɗe shafin. "Karanta."

"Auta..."

"Ka karanta, na ce!"

Bai karanta ba. Ita ta karanta, a hankali, kamar mai haɗiyar magani: "Lamba Tara. Da dama yake bugawa, a kan hagu yake tsayawa." Ta ɗora yatsa a layin ƙasa, wanda tawadarsa sabuwa ce. "Gwiwar hagu. Har da ja masa layi."

"Na rubuta ne don in tuna in kauce mata. Wallahi da wannan niyyar na rubuta."

"Ka kauce?"

Ya kama sitiyari da hannu biyu.

"Minti tamanin da bakwai ina kauce mata. Kin gani ai, kina wajen. Sau biyu ya wuce ni kamar an dasa ni. 'Yan kallo na ihu wai Katanga ta rushe, a kai tsoho gida. Koci ya ta da matashin da zai gaje ni ya fara motsa jiki a gefe, ina kallonsa. Shekarata talatin da huɗu, Auta. Ba abin da na iya sai wannan."

"Ban tambaye ka shekarunka ba."

"Sai yayanki ya karɓi ƙwallon a bakin raga. Ya dasa ƙafar hagu zai juya... na ga duk nauyinsa a kanta. Na sa kafaɗa."

"Alƙalin wasa ko usur bai busa ba."

"Don ba ƙeta ba ce. Da lafiyayyen mutum ne tangaɗi kawai zai yi, ƙwallon ta kuɓuce masa."

"Amma kai ka san ba lafiyayye ba ne."

Wata mota ta wuce da jiniya.

"Na sani," ya ce. "Ba zan yi miki ƙarya ba. A wannan daƙiƙar ban ga yayanki ba, abin da na rubuta na gani. Jikina ya riga ni."

Ta so a ce ya musa. Wallahi ta so! Da ya rantse ya ce tsautsayi ne, da ta riƙe rantsuwar hannu bibbiyu ta rayu da ita. Amma mutumin da ta zaɓa saboda ba ya ƙarya, yau ma bai yi ba.

Ta zare zoben da ya ba ta, ta ɗora a kan littafin, ta ajiye masa a cinya.

"Abar ƙaunata, kar ki yi min haka... zan bar ƙwallon. Gobe-goben nan zan ajiye takalman!"

"Ka ajiye ka ba wa? Shi ba zai iya sawa ba."

Ta fita, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta ga hawayensa ƙafafunta za su ci amanarta.

A ɗaki na huɗu ta tarar Mama na gyara wa Yaya filo. Ya rame, amma bakin nan nasa na nan.

"Ina angon naki? Ko tsoro yake in rama da sandar nan?" Ya yi dariya, ya ɗan yamutsa fuska don zafi. "Ki ce ya shigo. Kwana biyar yana zarya kamar wanda ya yi kisan kai. Ƙwallo ce, Mama, haka ta gada. Bawan Allah bai san haka za ta faru ba, da ya sani ko kusa da ni ba zai zo ba."

"Ai na gaya masa," in ji Mama. "Ƙaddara ce. Biki kuma babu fashi, ko a keken guragu sai yayanki ya je." Sai idonta ya sauka a hannun Auta. "Ke, ina zobenki?"

"Na mayar masa."

"Kin me? Kanki ɗaya kuwa? Wanda aka ji wa ciwon ya yafe, ke ce za ki fi shi zafi?"

"Auta, ban son shirme," Yaya ya ce. "Kar ki rushe rayuwarki saboda ƙafata. Mutumin kirki ne. Me ya yi miki?"

Ga ƙofa a buɗe, in ta so. Tana iya cewa zuciyarta ce kawai ta juya, su yi faɗansu su gaji. Ta dubi farin bandejin da ke gwiwarsa, wanda ba ita ta naɗa ba.

"Ya sani, Yaya."

"Ya san me?"

"Gwiwar. Ni na gaya masa... ana gobe wasan. Na ce ya bi ka a hankali."

Mama ta dube ta, ta dubi ɗanta. "Wace gwiwa? Dama da ciwo ka shiga?"

Yaya ya ƙura wa Auta ido. Ta jira ya daka mata tsawa, ya zage ta, ya jefe ta da kofin da ke gefensa. Ko ɗaya bai yi ba. Dariyar nan ce kawai ta bar fuskarsa a hankali.

"Mai tsaron baya kika gaya wa inda ke min ciwo," ya ce can ƙasa. "Shekara goma kina wanke min riguna, ba ki san aikinsa ba?"

"Tsoro na ji, Yaya... ka yafe min..."

"Kin rantse, Auta."

Ya yunƙura zai juya, bandejin ya sassauto, bakinsa ya warware ya zubo gefen gado. Hannunta ya tafi da kansa, yadda ya saba kowace safiya. Kafin yatsunta su kai, ya ja bargo ya rufe ƙafar.

"Mama," ya ce, fuskarsa na kallon bango, "kira min nas ta ɗaure."