Akuyar Tabawa

A can wani zamani, an yi wata mata mai kaɗin zare, sunanta Tabawa. Da kuɗin zare ta sayi kaza. Kaza ta yi 'ya'ya, ta sayar da su ta sayi akuya. Salla ta zo, aka ce ta yanka. Ta ce, "Wannan ba ta yanka ba ce."

Wata rana ƙanenta Barmo ya faɗo gidan da igiya a hannu. Ya ce, "Yaya, maroƙa sun yi mini kirari a kasuwa, na yi musu alkawarin nama. Ba ni akuyar nan, kada in ji kunya."

Tabawa ta dubi akuyarta, ga ciki ya tsufa. Ranta ya ɓaci. Ta miƙa masa yatsunta, ta ce, "Dubi yadda mazari ya cinye su! Shekara uku ina kaɗi, kai kana ina? Ashe maroƙa nake yi wa wahala? Wannan ba ta yanka ba ce!"

Ya ce, "Haba Yaya, rowa har da ɗan'uwa?"

Ta kamo budurwar kaza ta danƙa masa. Ta ce, "Ungo. Ni ma da irinta na fara."

Kafin la'asar Barmo ya yanka ta. Maroƙa suka cinye, suka suɗe yatsu, suka koma yi wa wani kirari.

Bayan kwana tara akuyar Tabawa ta haifi biyu.