Likkafani a Akwatin Landan

Ranar Laraba da hantsi, cikin daminar 1978, wani saurayi mai suna Dawuda Sambo ya shigo caji ofis na Tambuwal, wandonsa duk laka. Ya ce an sace fasfon mahaifinsa a Kebbe. Jirgin Landan zai tashi daga Kano ranar Asabar, likitan Sakkwato kuwa ya riga ya faɗa musu ƙodar tsohon ba za ta jira a yi sabon fasfo ba.

Sufeto Hassan Ɗangiwa ya ɗauki hularsa, suka shiga Landiroba.

A hanya Dawuda ya ba shi labarin gardamar da aka sha a gidan. Wasu sun ce Alƙahira, don likitocinta Musulmi ne. Uwargida Hajiya Na'inna ta ce sanyin Turai da naman da ba a san wa ya yanka ba su ne za su ƙarasa mata miji. Ƙanen Alhaji, Malam Atu, limamin masallacin ƙofar gida, ya kafe a kan Jidda. Dawuda ya zaɓi Landan saboda can ne ke da injin wanke ƙoda, kuma ya ga wani ɗan kwangila da aka kai ranga-ranga ya dawo da ƙafafunsa.

Alhaji Sambo na kwance, fuska a kumbure, ko sallama bai iya amsawa ba. Akwatin tafiya na gefen gado. Ba a ɓalle kwaɗo ba, agogon zinariya na nan. A ƙarƙashin riguna Sufeto ya ci karo da farin ƙyalle a ninke.

"Likkafanin Baba ne, wanda ya wanko da zamzam," in ji Dawuda. "Ni da hannuna na fidda shi daga akwatin nan. Magani za mu nema, ba kabari ba."

Sufeto bai taɓa ganin ɓarawon da zai ɗauka kuma ya ƙara ba.

Hajiya Na'inna ta amsa tambayoyi daga bayan labule. Ta ce mabuɗi na ƙarƙashin matashin maigida, kuma ba mai shiga ɗakin sai ita da Dawuda.

"Likkafanin fa, Hajiya?"

"Cikin adakata shike."

"Ga shi a hannuna."

Sufeto ya dubi 'yar ƙwaryar da ke bakin gado, da sauran baƙin ruwa a ciki.

"Wa ke kawo masa rubutu?"

Ta ce Malam Atu ne, kullum da safe.

Sufeto ya bi Malam Atu sallar azahar, sannan ya zauna gabansa a kan buzu. Tsohon ya amsa cewa shi ya roƙi likkafanin ya mayar, don ba a raba Musulmi da shirinsa. Fasfo kuwa, ya ce ko kamarsa bai sani ba.

Sufeto ya dubi furfurar mutumin da ya gama ba shi salla, ya ji nauyi, ya tashi. Alhamis da Juma'a ya ɓata su a kan direban gidan, har Dogon Daji ya bi sawunsa, bai samu komai ba sai jarkar fetur da aka karkatar.

Asabar jirgi ya tashi. Lahadi da walaha Alhaji Sambo ya cika.

Wurin zaman makoki Sufeto ya zauna kusa da Dawuda. Saurayin, idanunsa jawur, ya ce duk wanda ya ɗauki fasfon ai ya daɗe da jefa shi cikin masai.

"A'uzu billahi," in ji Malam Atu da sauri. "Da hatimin Jidda ciki, da sunan Allah?"

Kowa ya shafa addu'a ya wuce maganar. Sufeto kaɗai ya tsaya a kanta. Mutumin da bai san kamar fasfo ba ya san abin da ke shafinsa na ciki. Kuma irin wannan mutum ba ya yar da takarda mai sunan Allah.

Ya cire takalmi ya shiga masallacin. A alkukin da ake tara yagaggun shafukan Alƙur'ani, daidai saman inda ya yi sujada ranar Laraba, ya zaro wani ƙunshi cikin tsabtataccen ƙyalle.

Da ya juyo, Malam Atu na tsaye a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, me ya kai ka?"

"Jira nika yi jirgin Landan shi tashi, in fiddo fasfon mu kai Yaya Jidda. In ya warke, madalla. In kwana ya ƙare, Musulmi su wanke shi. Can Turai wa za shi laƙƙana mashi kalma?"

"Shi ya sa ka?"

"A'a. Shi cewa ya yi duk inda Dawuda ya zaɓa."

Dawuda ya iso ya ga abin da ke hannun Sufeto. Ya dubi baffansa, ya koma ya zauna cikin masu gaisuwa.

Sufeto bai bari kofur ɗin da ya rako shi ya fito da ankwa ba. Ya buɗe wa tsohon ƙofar gaba ta Landiroba da kansa. Shi ma yana da abin da zai amsa, ko da ba a kotu ba: alkukin na saman kansa tun ranar farko, kunya ta hana shi miƙa hannu.

Hanya ta bi ta gefen maƙabarta. Sabon kabarin na nan, ƙasarsa ko bushewa ba ta yi ba. Malam Atu ya bi shi da kallo.

"Ni na wanke shi, Sufeto. Abin da nika tsoron shi rasa ke nan, bai rasa ba."

Motar ta faɗa wani rami ta fita. Sai da suka bar gari ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Da na bar shi ya tafi, ƙila da yau ba a kai ga wankan ba."